Adiresoshin intanet sun ƙare: Me ya sa ƙaura zuwa sabon tsari ke tafiyar hawainiya?

A ranar 3 ga watan Fabrairun 2011, a wani ƙwarya-ƙwaryan biki da aka yi a birnin Miami na Amurka, hukumar IANA mai riƙe da taskar adiresoshin intanet ta duniya ta raba kaso biyar na ƙarshe da suka rage mata, sannan ta bayyana cewa rumbunta ya zama wayam.

Washegari babu abin da ya tsaya. Saƙonni sun ci gaba da tafiya, shafuka sun ci gaba da buɗewa, kuma daga wancan lokaci zuwa yau mutane biliyoyi sun shiga intanet a karon farko. Wannan ne ya sa jama'a da dama ke ɗaukar maganar ƙarewar adiresoshi a matsayin kururuwar masana kawai.

To sai dai ƙarancin na nan, kuma ana biyan kuɗinsa. Abin da ya faru shi ne an yi ta yi wa tsohon tsarin faci, har facin ya zama jiki, nauyinsa kuma ya fi faɗawa kan waɗanda suka zo daga baya, ciki har da nahiyar Afirka.

Mene ne adireshin intanet?

Duk na'urar da za ta aika ko ta karɓi saƙo a intanet, kwamfuta ce ko wayar salula, sai tana da lamba wadda za a gane ta da ita. Idan mutum ya rubuta sunan wani shafi, na'urarsa kan fara tambayar wani kundin sunaye ne domin ta sami lambar kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Daga nan sai a gutsuttsura saƙon zuwa ƙananan ƙunshi, kowane ɗauke da lambar mai aikawa da ta mai karɓa, kamar dai ambulan ɗin wasiƙa.

Tsarin da aka daɗe ana amfani da shi wajen rubuta waɗannan lambobi shi ne IPv4, wanda aka wallafa ƙa'idojinsa a watan Satumban 1981. Ana rubuta adireshinsa da lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. Alal misali, 8.8.8.8 adireshin wata sananniyar kwamfuta ce ta kamfanin Google.

A can cikin na'ura, adireshin jerin gurabe 32 ne, kowane gurbi sifili ko ɗaya. Iyakar adiresoshin da za a iya fitarwa daga gurabe 32 su ne 4,294,967,296, wato kimanin biliyan 4 da miliyan 300. Ko waɗannan ma ba duka ake rabawa ba, domin an keɓe ɗaruruwan miliyoyi don wasu ayyuka na musamman da gwaje-gwaje. Abin da ya saura bai wuce biliyan 3 da miliyan 700 ba.

Yawan al'ummar duniya ya haura biliyan 8 a watan Nuwamban 2022, kuma hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa mutane kimanin biliyan 5 da rabi ne ke amfani da intanet a 2024. Da yawa daga cikinsu na da waya da kwamfuta, ban da akwatunan talabijin da kyamarorin tsaro da motoci da mitocin wutar lantarki da su ma yanzu ke neman adireshi.

Rabon farko

Vint Cerf, ɗaya daga mutane biyu da suka tsara ƙa'idar sadarwar intanet a shekarun 1970 tare da Bob Kahn, ya sha ɗora wa kansa alhakin zaɓen gurabe 32. Hujjarsa ita ce a lokacin aikin gwaji ne na ma'aikatar tsaron Amurka, kuma babu wanda ya zaci gwajin zai fita daga ɗakin bincike ya mamaye duniya. A gaskiya ba a yi masa adalci ba idan aka zarge shi. Lokacin da hanyar sadarwar ARPANET ta koma kan wannan ƙa'ida a ranar 1 ga watan Janairun 1983, kwamfutocin da ke kanta ɗaruruwa ne kawai.

Abin da ya fi gaggauta ƙarewar shi ne yadda aka yi rabon farko. A shekarun 1980 kaso uku ake da su: ƙarami mai adireshi 256, matsakaici mai 65,536, da babba mai kusan miliyan 16 da dubu 800. Wanda ƙaramin ya yi masa kaɗan sai a ba shi matsakaici, ko da kuwa ba zai yi amfani da kashi ɗaya bisa goma ba. Kamfanoni irin su Apple da Ford da IBM da General Electric, da jami'o'in MIT da Stanford, kowannensu ya sami babban kaso shi kaɗai, kyauta. Ma'aikatar tsaron Amurka kuwa ta riƙe fiye da goma.

Hausawa na cewa wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Har yau Amurka ce ke riƙe da fiye da kashi ɗaya bisa uku na dukkan adiresoshin IPv4, yayin da nahiyar Afirka baki ɗaya, mai mutane kusan biliyan ɗaya da rabi, ke da kimanin kashi 3 cikin 100. Jami'ar Stanford ta mayar da nata kason a shekarar 2000, amma kaɗan ne suka bi sahunta.

Tun farkon shekarun 1990 injiniyoyi a ƙungiyar IETF, wadda ke tsara ƙa'idojin intanet, suka hango inda aka dosa. Sai suka ɗauki matakai iri biyu: magungunan wucin gadi domin a sami sa'ida, da kuma sabon tsari na dindindin. Babu wanda ya yi tsammanin na wucin gadin zai yi ƙarko haka.

Akwatin gidan waya ɗaya, unguwa guda

A 1993 aka soke rabon kaso uku, aka koma bai wa kowa daidai buƙatarsa. A 1994 kuma aka fito da dabarar da ta fi kowace tasiri, wadda ake kira NAT.

Waɗanda suka yi zamanin wasiƙa za su tuna yadda makaranta guda, ko ma unguwa guda, kan yi tarayya a akwatin gidan waya ɗaya. Wasiƙu su taru a akwatin, masinja ya kwaso, sannan a bi kowa da tasa. Gidan waya bai san ɗalibi ko malami ba, akwatin kaɗai ya sani. Haka NAT ke aiki. Na'urar rarraba intanet da ke gida ko ofis ita kaɗai ke da adireshin da duniya ke gani. Wayoyi da kwamfutocin da ke bayanta ana ba su lambobi na cikin gida, irin waɗanda kan fara da 192.168 ko 10, waɗanda miliyoyin gidaje ke maimaitawa ba tare da sun ci karo ba. Idan saƙo zai fita, na'urar ta goge lambar cikin gida ta sa tata, ta rubuta a rajista. Idan amsa ta dawo, ta duba rajistar ta miƙa wa mai ita.

Dabarar ta yi aiki fiye da yadda aka zata. Da wayoyin salula masu intanet suka yawaita, sai kamfanonin sadarwa suka faɗaɗa ta. Maimakon gida ɗaya, sai ga ɗaruruwa ko dubban masu layi a bayan adireshi guda. Mafi yawan masu shiga intanet da wayar salula a Afirka ta haka suke shiga, ko sun sani ko ba su sani ba.

Amma tarayya a akwati ɗaya na da nata matsalolin. Idan mutum ɗaya ya yi laifi, akwatin ake kamawa. A wajejen shigowar shekarar 2007, wani jami'in sa kai na Wikipedia ya toshe adireshi guda saboda ɓarnar da ake yi wa shafin daga can, sai daga baya ta bayyana cewa kusan dukkan masu intanet a ƙasar Katar ta wannan adireshi suke fitowa. An ɗage takunkumin cikin sa'o'i, amma darasin ya zauna. Irin wannan ne ke faruwa a yau idan wani shafi ya yi ta tambayar mutum ya tabbatar shi ba na'ura ba ne, ko ya ƙi buɗe masa ba gaira ba dalili. Sau da yawa laifin wani ne da ba su taɓa haɗuwa ba, adireshi kawai ya haɗa su.

Jami'an tsaro ma sun koka. A 2017 hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, Europol, ta yi gargaɗin cewa tarayyar adireshi na sa a kasa gano wanda ya aikata laifi a intanet, domin idan kotu ta nemi sunan mai adireshi, sai kamfani ya kawo jerin mutane masu yawa. A Beljiyam an cimma yarjejeniya da kamfanonin sadarwa cewa kada masu layi fiye da 16 su yi tarayya a adireshi ɗaya, abin da ake ganin ya taimaka wajen sa ƙasar ta zama kan gaba a ƙaura zuwa sabon tsari a waɗancan shekaru.

Akwai kuma wata asara da ba a cika gani ba. Asalin tsarin intanet shi ne kowace na'ura ta iya tuntuɓar kowace kai tsaye. Wanda ke bayan NAT yana iya kira, amma ba a iya kiransa sai da dabara. Mai shagon da ke son duba kyamarar tsaronsa daga nesa, ko asibitin da ke son haɗa rassansa, ko masu kiran bidiyo, duk sai sun bi ta wata kwamfuta ta uku da ke tsakiya, wadda sau da yawa tana wata ƙasa. Kamfanonin sadarwa kuma sai sun sayi manyan na'urori masu tsada domin riƙe rajistar miliyoyin saƙonni a kowace daƙiƙa.

Sabon tsari

An wallafa ƙa'idojin IPv6 a watan Disamban 1995, aka sabunta su a 1998, ƙarƙashin jagorancin Steve Deering da Robert Hinden. An tsallake lamba 5 ne saboda an riga an yi amfani da ita ga wani tsarin gwaji na aika murya da hoto.

Babban sauyin shi ne gurabe 128 maimakon 32. Adadin adiresoshin da wannan ke bayarwa shi ne 340 da sifili 36 a bayansa, lambar da ba ta da suna a bakin kowa sai masana lissafi. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarta ita ce a dubi kason da ake bai wa gida ɗaya. Mafi ƙanƙantar kaso da kamfani kan bai wa mai layi ya ninka dukkan adiresoshin IPv4 na duniya sau biliyan 4 da ɗoriya.

Ana rubuta sabon adireshin da lambobi da haruffan a zuwa f, rukuni takwas. Waccan kwamfuta ta Google mai 8.8.8.8, a sabon tsari adireshinta 2001:4860:4860::8888 ne. Injiniyoyi ma ba su rasa abin raha ba, domin a cikin adiresoshin Facebook akwai face:b00c.

Ban da yalwa, na'ura na iya ƙirƙira wa kanta adireshi da zarar ta shiga hanyar sadarwa, kuma buƙatar NAT ta kau. Wasu na fargabar cewa hakan zai bar kowace na'ura a fili ga maɓarnata. Masana na amsa cewa aikin shingen tsaro ne ya tare baƙon saƙo, kuma shingen na nan a sabon tsari kamar yadda yake a tsoho. Domin kada a riƙa bin sawun mutum, wayoyi da kwamfutocin zamani kan sauya ƙarshen adireshinsu lokaci zuwa lokaci. Inda haɗarin yake shi ne ma'aikatar da ta tsare ƙofar IPv4 ta manta cewa na'urorinta sun riga sun buɗe ta IPv6.

Kallon kallo

Idan sabon tsarin ya kai haka, me ya hana a koma tun tuni?

Amsar tana cikin wata matsala guda: tsarin biyu ba sa jin harshen juna. Na'urar da ta san IPv4 kaɗai ba za ta iya karanta ambulan ɗin IPv6 ba, domin babu inda za ta rubuta adireshi mai gurabe 128 a fili mai gurabe 32. A 1983 an iya sa rana aka ce kowa ya sauya, saboda kwamfutocin kaɗan ne kuma mai kuɗin ɗaya ne. A yau intanet tarin dubban hanyoyin sadarwa ne masu zaman kansu, babu sarki, babu mai ba da umurni.

Shawarar farko ita ce kowa ya tafi da tsarin biyu a lokaci guda, har ranar da za a kashe tsohon. A takarda abin ya yi kyau. A aikace, kamfanin da ya yi haka ya ɗauki nauyi biyu: saiti biyu, tsaro biyu, horar da ma'aikata, sauya tsofaffin na'urori, kuma bai rabu da buƙatar adireshin IPv4 ba tun da sauran duniya na can. Mai layi kuwa ba ya ganin bambanci, ballantana ya ƙara kuɗi a kai. Babu wanda ya taɓa shiga shagon kamfanin sadarwa ya ce a ba shi IPv6.

Sai aka shiga kallon kallo. Masu shafuka suna cewa ba za su kunna ba tun da masu ziyara ba su da shi, kamfanonin sadarwa kuma suna cewa ba za su kashe kuɗi ba tun da babu shafukan da za a ziyarta. Shekaru fiye da goma aka yi a haka, duk da cewa Windows Vista da ta fito a 2007 ta zo da IPv6 a kunne, kuma ƙasar Sin ta baje kolinsa a wasannin Olamfik na birnin Beijing a 2008.

Akwai kuma tsoro na gaske. A shekarun farko, kwamfutoci da dama na zaton suna da IPv6 alhali hanyar a karye take, sai shafi ya ɗauki daƙiƙoƙi masu yawa kafin ya buɗe. Babban kamfani ba zai yarda ya rasa ko kashi ɗaya cikin dubu na masu ziyara ba. An magance wannan da wata dabara da aka wallafa a 2012, inda manhaja ke gwada hanyoyin biyu kusan a tare ta ɗauki wadda ta fara amsawa.

A ranar 8 ga watan Yunin 2011, Google da Facebook da Yahoo da wasu ɗaruruwan shafuka suka kunna IPv6 na sa'o'i 24 domin gwaji, a ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar Internet Society. Da aka ga babu abin da ya lalace, sai a ranar 6 ga watan Yunin 2012 suka kunna shi dindindin.

Adireshi ya zama haja

A halin da ake ciki kuma rumbunan shiyya-shiyya sun yi ta ƙarewa. Hukumar APNIC ta yankin Asiya da Pasifik ce ta fara kaiwa kasonta na ƙarshe a watan Afrilun 2011. Ta Turai da Gabas ta Tsakiya, RIPE NCC, ta biyo baya a 2012, ta kuma ƙare ƙarƙaf a watan Nuwamban 2019. Ta Latin Amurka ta kai gargara a 2014, ta Arewacin Amurka kuma ta ƙare a watan Satumban 2015.

Abin da aka bayar kyauta sai ya koma haja. A 2011 Microsoft ya sayi adiresoshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya durƙushe a kan dala miliyan 7 da rabi, wato dala 11 da 'yan kai kowane ɗaya. A 2017 jami'ar MIT ta sayar da kimanin miliyan 8 daga cikin nata, Amazon na cikin masu saye. Zuwa ƙarshen 2021 farashin adireshi ɗaya ya haura dala 50, ko da yake ya sauka daga baya. Daga watan Fabrairun 2024 kuma sashen Amazon mai ba da hayar kwamfutoci ya fara cajin rabin santi a kowace sa'a kan kowane adireshin IPv4, wato kusan dala 44 a shekara.

Ga babban kamfani wannan ba wani abu ba ne. Ga matashin da ke son kafa ƙaramin kamfanin intanet a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, wanda zai sayi adireshi da dala ya karɓi kuɗin hidima da naira ko sefa ko sidi, shinge ne da waɗanda suka riga shi ba su taɓa tsallakawa ba.

Waɗanda suka ƙaura

Abin lura shi ne waɗanda suka yi nisa a ƙaurar galibi tura ce ta kai su bango. Kamfanin Comcast na Amurka ya fara ne tun tsakiyar shekarun 2000, bayan na'urorin da yake kula da su a gidajen jama'a sun cinye hatta lambobin cikin gida miliyan 16 da ɗoriya masu farawa da 10. A Indiya, kamfanin Reliance Jio ya buɗe a watan Satumban 2016 yana neman masu layi ɗaruruwan miliyoyi a lokacin da rumbun Asiya ya riga ya ƙare, sai ya gina hanyarsa a kan IPv6 tun daga tushe. Kamfani guda ya ɗaga ƙasa guda zuwa sahun gaba.

Waɗannan kamfanoni sun juya lissafin. Maimakon tafiya da tsari biyu, wayar mai layi kan sami IPv6 kaɗai, sannan a ajiye tafinta a bakin ƙofar kamfani domin shafukan da har yanzu ba su ƙaura ba. Da yake manyan shafukan bidiyo da na sada zumunta, waɗanda su ne ke cin mafi yawan data, sun riga sun kunna IPv6, abin da ke bi ta wurin tafintan raguwa yake yi kullum. T-Mobile na Amurka na cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya. Apple ma ya taimaka, inda daga watan Yunin 2016 ya shardanta cewa duk manhajar da za ta shiga kasuwarsa sai ta iya aiki a hanyar da babu IPv4.

Alƙaluman Google sun nuna cewa a tsakiyar 2012 ƙasa da kashi 1 cikin 100 na masu ziyartarsa ne ke zuwa ta IPv6. A farkon 2016 adadin ya kai kashi 10, a 2025 kuma ya kusa rabi. Faransa da Jamus da Indiya sun haura kashi 70, Saudiyya da Malesiya sun wuce rabi. Akasarin ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya, na can baya ƙwarai.

Rikicin AFRINIC

Dalilin jinkirin Afirka na da ban mamaki: ita ce nahiyar da ta fi daɗewa da sauran adiresoshi a rumbu. Hukumar AFRINIC, mai hedkwata a tsibirin Mauritius, ta sami amincewa a 2005, ita ce auta a cikin hukumomin shiyya biyar. A bikin Miami an ba ta kason da ke farawa da 102, kuma mai karatu a Najeriya ko Nijar ko Gana da ya duba adireshinsa na fita zai iya tarar da ya fara da 41 ko 102 ko 105 ko 197. Yayin da sauran shiyyoyi suka ƙare, AFRINIC ba ta fara taƙaita rabo ba sai a 2017. Daga watan Janairun 2020 ta tsaurara, inda mai nema ba ya samun fiye da 1,024 a lokaci guda.

Wannan sauran abinci a tukunya ya sa kamfanonin nahiyar ba su ji matsin ƙaura ba, ya kuma jawo idon 'yan kasuwa. A 2019 ta bayyana cewa an karkatar da adiresoshi masu yawa daga rajistar hukumar ba bisa ƙa'ida ba, binciken da ita kanta ta gudanar kuma ya sa adadin ya haura miliyan 4.

Ana wata sai ga wata. Hukumar ta shiga shari'a da kamfanin Cloud Innovation mai rajista a Seychelles, wanda ta bai wa adiresoshi fiye da miliyan 6 tsakanin 2013 da 2016. AFRINIC ta ce kamfanin na ba da hayarsu a wajen nahiyar saɓanin yarjejeniya, ta nemi ƙwace su. Kamfanin ya musanta saɓa wata ƙa'ida, ya garzaya kotu. A watan Yulin 2021 wata kotu a Mauritius ta rufe asusun hukumar na wani lokaci. Daga 2022 ta zauna babu cikakkiyar hukumar gudanarwa, a 2023 kotu ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya, zaɓen da aka yi a watan Yunin 2025 aka soke shi bisa zargin maguɗi a ƙuri'un wakilci, sai a watan Satumban shekarar aka zaɓi sabbin shugabanni. A tsawon wannan dambarwa, kamfanonin Afirka da ke neman adireshi sun sha jiran da bai kamata ba.

Ko wane ne mai gaskiya a shari'ar, tushenta ɗaya ne: adireshin da AFRINIC ke bayarwa da ɗan kuɗin rajista yana da tsada a kasuwar duniya. Babu wanda ke kai ƙara kotu a kan IPv6, kuma hukumar na da shi jibge.

A nan ne lissafin ya fi shafar nahiyar. Mafi yawan waɗanda ba su shiga intanet ba tukuna suna Afirka da kudancin Asiya ne. Za a iya ci gaba da cusa su a bayan adiresoshi kaɗan, kuma abin zai yi aiki gwargwado, amma kowane sabon mai layi na ƙara wa kamfani kuɗin na'urorin NAT, yana kuma ƙara yawan masu tarayya a laifin da ba nasu ba. Misalin Indiya ya nuna cewa ƙasar da wayar salula ce babbar hanyar shigarta intanet na iya sauyawa cikin 'yan shekaru idan manyan kamfanoni biyu ko uku suka yanke shawara, domin wayoyin da ke hannun jama'a galibi sun riga sun iya sabon tsarin. Aikin da ya rage na ɗakunan injiniyoyi ne, da jami'o'i da bankuna da ma'aikatun gwamnati waɗanda shafukansu ke kan tsohon tsari.

Yaushe za a gama?

Ba kowane masani ne ke ganin akwai gaggawa ba. Geoff Huston, babban masanin kimiyya na APNIC wanda ya shafe shekaru yana auna lamarin, ya yi nuni a 2024 cewa intanet ɗin yau ya fi dogara ga sunaye da kuma 'yan manyan kamfanonin da ke ajiye bayanai kusa da masu amfani, don haka adireshin kansa ya rage muhimmanci. A lissafinsa, idan aka ci gaba da tafiya a saurin da ake yi, ƙaurar ba za ta kammala ba sai wajejen 2045, shekaru 50 ke nan bayan wallafa IPv6.

Wasu gwamnatoci na ƙoƙarin rage wa'adin. Amurka, wadda ta fara ba ma'aikatunta umurni tun 2005 ba tare da an cika shi yadda aka so ba, ta sake fitar da wani a 2020 tana neman kashi 80 cikin 100 na na'urorin gwamnatin tarayya su koma IPv6 zalla kafin ƙarshen shekarar kuɗi ta 2025. Sin ta ƙaddamar da nata shirin na ƙasa a 2017. A watan Janairun 2024 kuma gwamnatin Jamhuriyar Czech ta sa rana: daga 6 ga watan Yunin 2032, hukumominta za su daina ba da hidima ta IPv4.